Waya ko kyamara ta hannu: me za ka saya don hoton tsofaffin motoci?

Kyan Fijo 504 irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ko Marsandi W123, yana cikin tsayin jiki da miƙewar bodi. To a nan waya take ɓarna. Idonta mai faɗi ne, kana matsowa sai goshin motar ya kumbura, bayanta ya tsuke. In wayar ce iya ƙarfinka, ja da baya, ka sa zum ɗin 2x, ka durƙusa daidai fitilar gaba.

Mai ɗan abin hannu ya nemi kyamara ta hannu, wato wadda aka taɓa amfani da ita. Nikon D3300 ta 2014 tana da megafiksel 24, Canon 600D ta 2011 kuwa 18. Duk da haka ni Canon ɗin zan ɗauka, don allonta yana juyawa: ka kai ta ƙasa kusa da taya ba sai ka kwanta cikin ƙura ba. Kafin ka biya, ɗauki hoton sararin sama a f/16, wato ka tsuke ƙofar shigar haske. In akwai datti a ciki, ɗigo-ɗigo zai fito.

Lens ɗin 18-55mm da ke zuwa da su ya isa koyo, amma 50mm f/1.8 ya fi fito da mota daga hayaniyar gareji, don yana dishe abin da ke bayanta. Mai Nikon ya lura: sai lens mai alamar AF-S, don tsohon AF-D ba ya saita fokas da kansa a kan D3300.

Abin da mutane suke rainawa, alhali shi ya fi sauya hoto, shi ne filtar CPL, wani gilashi da ake ɗaurawa a bakin lens don rage ƙyalli. Kana murza ta a hankali za ka ga ƙyallin gilashin gaba yana gushewa, sitiyari da kujeru sun bayyana, fenti ya fito da ainihin launinsa. Bamba mai walƙiya dai ba ta jin filta, maganinta sai la'asar sakaliya ko sassafe. Duba faɗin bakin lens ɗinka tukuna, kar ka sayo wadda ba ta shiga.

Wajen manhajar gyaran hoto, kada ka kashe kuɗi da wuri. Snapseed kyauta ne, haka Darktable a kwamfuta. Lightroom ya fi su sauƙin jera hotuna, sai dai wasu kayan aikinsa na biya ne. Ko wanne ka zaɓa, sassauta wa launi. Mai motar ya san fentinsa, in ka mayar da ruwan madara ya koma ɗorawa, shi zai fara yi maka magana.