Manhajar lissafin shago: tana aiki, amma layi ɗaya ya ba ni kunya

Ita kanta manhajar ba ta da laifi. Rasit na fita tsaf, lissafin kaya ba ya ruɗewa, ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta. Kuɗin da suke sayar da ita ma, ban ga tsada ba. Da nan maganar ta tsaya, tauraro biyar zan ba su.

Matsalar tana cikin requirements.txt, fayil ɗin da ke jera kayan da manhajar ke buƙata, irin su Django, tushen da aka gina ta a kai. Wani Alhaji mai shagon atamfa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ya ce in ɗora masa a sabuwar kwamfuta. Ina gama pip install, umarnin da ke sauko da waɗannan kayan, na kunna, sai jan rubutu ya cika allo, Alhaji na tsaye a kaina. Da na duba, ashe Django>=3.2 suka rubuta. Wannan alamar ƙasa kawai take tsarewa, sama a buɗe take. Shi kuwa pip umarni ya bi, ya kwaso Django 5. Manhajar kuma har yanzu tana kiran url() daga django.conf.urls da ugettext, waɗanda aka cire tun Django 4.0 a Disamba 2021.

Na kira mai sayarwar, wai, "Malam, ai a wajena tana aiki." To ba dole ba? Tsohon Django ne zaune a na'urarsa, kuma pip ba ya taɓa abin da ya riga ya cika sharaɗi. Har ya dage cewa >= na nufin "wannan ko makamancinsa". Ina! Mai wannan aikin ~= ne, PEP 440, kundin ƙa'idar lambobin siga na Python, ya fayyace: ~=3.2.0 na nufin daga 3.2.0 zuwa sama, amma kar a fita layin 3.2. Ko ya rubuta >=3.2,<4.0, da shi ke nan. Wataƙila ya saba da ^ ɗin npm (takwaran pip a JavaScript) ne, mai hana tsallakawa babbar lamba ta gaba.

Na gyara da kaina, ta tashi lafiya, Alhaji ya ji daɗi. Har na huce, sai na tuna Django 3.2 ya daina samun gyaran tsaro tun Afrilu 2024. Wato kuɗin mutane suke karɓa a kan tushen da masu shi suka sallama, kuma sabuntawar ma sai an sake biya. Na tambaye shi yaushe za su koma sabon Django, saƙon ya nuna ya karanta, amsa shiru. Tauraro biyu, su ma don rasit ɗin.