Kwana biyu a bakin raga: abin da na gani a gasar fentibol ta Kissimmee

Ɗana ne ya ja ni. Tun da muka koma birnin Orlando na jihar Florida a Amurka da zama yake damuna da zancen wasan nan da ake harbin juna da fenti, wanda suke kira fentibol, har ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi takunkumin fuska mai gilashi. Da watan Nuwamba ya kama sai ya ce, "Abba, gasar cin kofin duniya a nan Kissimmee ake yin ta, kusa da mu. Don Allah mu je ko kallo ne." Na amince, muka je Asabar da Lahadi. Ga abin da na tarar, don amfanin duk wanda ke tunanin kashe kuɗinsa da ranarsa a kan wannan kallo.

Hukumar gasar fentibol ta Amurka mai suna NXL ce ke shirya gasar, kuma da ita ake rufe kakar wasa ta shekara. Ƙungiyoyi ɗaruruwa ne ke zuwa, daga 'yan koyo har ƙwararru, don haka filaye ne birjik a jere, kowanne an kewaye shi da doguwar baƙar raga. Zagaya filayen ƙananan rukuni da rumfunan 'yan kasuwa ba mu biya ko sisi ba. Kujerun babban filin ƙwararru ne muka sayi tikiti.

Ba zan ɓoye ba, ƙarar farko ta tsinka min zuciya. Ana busa jiniya sai bindiga 10 suka ɓarke lokaci guda, kamar ruwan ƙanƙara a kan kwanon rufi. Mu da muka fito daga inda ƙarar bindiga ke nufin a tattara yara a gudu, jikinmu ba ya ɗaukar wannan sauti a matsayin wasa nan take. Sai da na ɗan jima kafin hankalina ya kwanta. Su kansu 'yan wasan ba sa kiran abin bindiga, da sunan abin sa alama suke kiransa, kuma asalinsa ke nan: da irinsa ake yi wa itatuwa da shanu shaida da fenti a Amurka, kafin wasu mutum 12 su ɗauke shi su yi wasan farko a dajin New Hampshire a watan Yuni na 1981.

Awata ta farko a kan kujera ta tafi a banza, domin ban ga komai ba. Wannan ita ce babbar matsalar wasan ga ɗan kallo, kuma gara a faɗe ta tun da wuri. A ƙwallon ƙafa idonka na bin ƙwallo ɗaya. A nan kowace bindiga na iya fitar da wajen ƙwayar fenti 10 a daƙiƙa, ƙwayar ba ta wuce girman ɗan goro ƙarami ba, gudunta kuma ya kai kusan mita 90 a daƙiƙa. Tsawon filin duka mita 45 ne, faɗinsa 36. Sai kawai ka ga mutum ya ɗaga hannu ya fice, ba ka san wa ya harbe shi ba, ba ka san daga ina ba. Jama'a na ihu, ni ina ta waige-waige.

Wani dattijo da ke kusa da mu, wanda ya ce jikarsa ce ke wasa a ƙaramin rukuni, ya lura da halin da nake ciki. Ya ce in daina neman ƙwaya, in zaɓi mutum ɗaya in bi shi da ido daga busa jiniya har ya fita, kuma in riƙa ƙirga waɗanda suka rage a kowane ɓangare. Wallahi daga nan wasan ya buɗe min.

Biyar da biyar ake karawa. Filin cike yake da maɓoya na roba da aka hura da iska, an jera su iri ɗaya a ɓangarorin biyu don kada wani ya ce an cuce shi. A gefe ɗaya akwai doguwar maɓoya mai kwance da suke kira maciji, a ɗaya gefen kuma masu kusurwa uku da suke kira dorito. Na zaɓi ɗan macijin wata ƙungiya, wani siririn yaro. Ana busawa ya sheƙa, ya yi sufa da ƙirji a kan ciyawa, ya zame har cikin maɓoyarsa, fenti na fashewa a bayan dugadugansa. Daga nan sai jan ciki, kansa a ƙasa, bai ɗaga ba ko sau ɗaya. Can baya abokinsa na tsugune yana ta zuba wuta a kan wata 'yar kafa tsakanin maɓoya biyu, ba wai yana ganin kowa ba, toshe hanya yake yi don kada abokin gaba ya leƙo. Yana harbi da hannu ɗaya, ɗaya hannun ya zaro robar ƙwayoyi daga ɗamarar bayansa, ya juye a kan bindigar, ya jefar, duk ba tare da harbin ya tsaya ba. Yaron macijin ya tsallake tsakiyar fili, ya ɗago sau ɗaya tak, ya sami mutum biyu ta baya. Hannaye biyu suka tashi sama. Bayan ɗan lokaci aka kawar da sauran, wani ya ruga ya danna maɓallin da ke sansanin abokan gaba, aka ba su maki. Duka abin bai kai minti 2 ba, ni kuwa ban san sanda na miƙe tsaye ba.

A nan na gane cewa dara ce ake yi da gudu. Wanda ya riƙe kusurwa shi ke da fili. Ihun da 'yan wasan ke yi wa juna, wanda da farko na ɗauka hayaniya ce, ashe labari suke isarwa: nawa suka fita, wa ya koma wace maɓoya. Kuma ɗan kallo na ganin abin da su ba sa gani. Za ka hangi mutum na lallaɓowa ta bayan wani, shi bai sani ba, cikinka na ta ƙugi.

Alƙalan wasa sun burge ni ƙwarai. Suna kwance a ƙasa kusa da 'yan wasa, fenti na sauka a jikinsu, suna duba ko ƙwaya ta fashe a jikin mutum, domin wadda ta buga ta yi tsalle ba ta fashe ba, ba ta fitar da kowa. Wanda aka samu ya ci gaba da harbi da fenti a jikinsa, sai a jefa tuta sama, a fitar da shi a haɗa da abokin wasansa, in laifin babba ne a haɗa da biyu. Hukunci ɗaya irin wannan kan juya wasa gaba ɗaya, kuma a nan ne 'yan kallo suka fi tada jijiyar wuya.

Ranar Lahadi muka ga manya. Ɗana ya haddace sunayensu: San Diego Dynasty, Edmonton Impact daga Kanada, Houston Heat, Tampa Bay Damage. Ya nuna min Ryan Greenspan na Dynasty, wanda ya shafe sama da shekara 20 yana wannan wasa a matakin ƙoli. Abin da ya bambanta su da na jiya shi ne natsuwa. Ba sa ɓarnar motsi. Wani abin da na yaba shi ne yadda ake haɗa wasa biyu a fili ɗaya: waɗannan na can suna goge fenti da cika tukunyar iskar da ke harba ƙwaya, waɗancan sun shigo, don haka ba a barin ɗan kallo zaune yana jiran tsammani.

Wahalhalun su ma a faɗe su. Ranar Florida ko a Nuwamba tana cizo, kuma kujerun ƙarfe na ɗaukar zafi. Ƙasa duk santsin fenti ce, kada ka sa takalmin da kake ji da shi, balle farar shadda. Fentin dai na wankuwa, ɓawonsa na gelatin ne kamar na ƙwayar magani. Abincin da na gani a rumfuna bai kwanta min ba ta fuskar halal, sai muka dogara da guzurin gida, sallar azahar da la'asar kuma muka shimfiɗa darduma a kan ciyawa kusa da mota. Rumfunan kamfanonin kayan wasan irin su Dye da Planet Eclipse da HK Army na jan yara kamar zuma, kayan kuma ba arha, don haka uba ya yanke wa kansa iyaka tun daga gida.

Shawarata, in za ka je, ka hau kujerun sama ta ɓangaren maciji, domin daga ƙasa raga da maɓoya na tare maka rabin fili. Ka fara da filayen 'yan koyo, inda wasan ke tafiya a hankali har ido ya saba. Ka tafi da wanda ya san wasan, ko ka zauna kusa da irin dattijon nan. Da sharaɗin nan na ba kallon 4 cikin 5, kuma kuɗin tikitina bai tafi a banza ba.

A hanyar komawa gida ɗana ya ce, "Abba, baɗi za mu dawo?" Na ce in Allah ya kai mu, amma tun Juma'a za mu zo, don in ga wasannin share fage.