Sharhi kan kilikar horar da kyanwa, daga mai amfani da ita a Garwa

Kilika 'yar na'ura ce ta roba wadda tafin hannu ke rufewa, a cikinta akwai siririn ƙarfe da ke yin ƙara ƙyas idan an danna shi. Ba ta cin batir, ba ta buƙatar caji. Na neme ta a kasuwannin Garwa ban samu ba, sai wani ɗan'uwana ya sayo mini a shagon kayan dabbobi a Yawunde, ya aiko da ita a motar safa. Ƙunshin ya zo da kilika biyu, ɗaya mai siffar akwati, ɗaya mai maɓalli, da sanda mai 'yar ƙwallo a baki, da takardar bayani cikin Faransanci da Turanci wadda daga farkonta har ƙarshenta maganar karnuka take yi.

Wanda ke tsammanin ƙarar ce ke juya kyanwa zai yi asarar kuɗinsa, domin ƙarar ba ta da wata ma'ana a kunnenta sai wadda aka koya mata. Da farko ana dannawa, nan take a miƙa mata ɗan abin ci, a yi ta maimaitawa har ta gane cewa duk inda ta ji ƙyas, lada na tafe. Bayan haka ne ake amfani da ƙarar wajen nuna mata ainihin motsin da ya jawo ladan, kamar lokacin da ta zauna ko ta sa ƙafa cikin kwando. Amfanin na'urar duka a nan yake: hannu ba ya iya kai nama bakin kyanwa a daidai daƙiƙar da ta yi abin da ake so, kafin ya isa ta riga ta juya ta yi wani abu dabam, amma ƙarar tana riskar motsin yana kan faruwa. Dabarar ta samo tushe daga binciken B. F. Skinner a Amurka kan yadda lada ke ƙarfafa ɗabi'a. Ɗalibansa biyu, Keller da Marian Breland, su ne suka mayar da ita sana'ar horar da dabbobi a shekarun 1940, daga baya Karen Pryor, wadda ta horar da dabbobin teku a Hawai a shekarun 1960, ta yaɗa ta tsakanin masu kiwon dabbobin gida.

Daga cikin biyun, mai siffar akwati ba ta dace da kyanwa ba. Ƙararta tana da kaifi, musamman a ɗakin siminti mai rufin kwano, kuma kyanwa tana jin sauti mai tsini har wajen kilohaz 64 a ma'aunin tsinin sauti, alhali kunnen mutum yana tsayawa a kusan 20. Tawa da ta ji ta, sai ta kwantar da kunnuwa ta shige ƙarƙashin gado. Idan an sa na'urar cikin aljihun riga ƙarar tana raguwa, amma mai maɓalli ta fi ta laushin sauti, kuma ita kaɗai nake ɗauka yanzu. Tana da aibi guda: ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallin ta sa ya riƙa maƙalewa, don haka a cikin gwangwani mai murfi nake ajiye ta.

Abin da ya fi na'urar wahalar samu shi ne ladan da ya dace. Takardar bayanin tana maganar 'yan ƙwayoyin abincin dabbobi na kanti, waɗanda ba ko'ina ake samun su a nan ba. Kilishi da soya, wato tsire, su ne suka fi kusa da hannu, amma bai kamata a ba ta su ba, saboda yajinsu kan ƙunshi gishiri da barkono, sau da yawa har da albasa ko tafarnuwa, kuma waɗannan biyun suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa. Madara ma tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo. Ni kifin Binuwai nake dafawa ba gishiri, in cire ƙayar tsaf, in gutsuttsura shi ƙanana yadda za ta haɗiye nan take ta dawo kan aiki. Likitocin dabbobi suna ba da shawarar kada irin wannan lada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini, saboda haka ina ragewa daga rabonta na dare.

Lokaci ma yana da tasiri. A watannin Maris da Afrilu, sa'ad da zafin Garwa ke haura digiri 40, kyanwa tana kwance kusa da randa tun hantsi, babu kifin da zai tashe ta. Bayan sallar asuba da gab da magariba ne take da kuzari, kuma minti biyu zuwa biyar sun isa. Idan ta fara lasar jikinta ko ta juya baya, darasi ya ƙare, ko malamin ya yarda ko bai yarda ba.

Da sandar ta fara: ta shinshina ƙwallon, na danna, na ba ta kifi, ba da jimawa ba ta riƙa bin sandar duk inda aka kai ta. Daga nan ta koyi hawa kujera da zama. Waɗannan na nishaɗin yara ne. Abin da ya biya ni kuɗina shi ne kwando. A da, kai ta wurin likitan dabbobi don allurar rigakafin ciwon haukan kare yaƙi ne, sai an naɗe ta a zane, kuma ba a rabuwa da karce a hannu. Na bi da ita daki-daki: ƙyas idan ta dubi kwandon, sannan idan ta matso, sannan idan ta sa ƙafa, har ta kai ga shiga da kanta ta zauna a rufe murfi. Wannan matakin ya ɗauki makonni, kuma duk ranar da aka yi gaggawa sai ta koma baya.

Uwargida ta so a yi amfani da kilikar wajen hana satar kifi a madafa. "Malam, tun da ta iya karatu, a koya mata tsoron Allah mana," in ji ta. A nan na'urar ba ta da abin yi, domin tana koyar da abin da za a yi ne, ba ta da hanyar cewa a bari. An dai koya wa kyanwar zama kan wata kujera lokacin girki, hakan ya rage zirga-zirgarta tsakanin ƙafafu, amma barin tukunya a buɗe har yanzu ba wa kura ajiyar nama ne.

Mai yara a gida ya ɓoye kilikar. Idan suka mayar da ita abin wasa suna dannawa ba tare da lada ya biyo baya ba, ƙarar tana rasa ma'anarta, sai an sake ginawa. Saboda wannan dalili kuma ba a kiran kyanwa da ita.

Sandar ba ta cancanci kuɗi ba, cokalin katako yana yin aikinta. Ita kanta kilikar, biro mai maɓalli zai iya tsayawa a madadinta, muddin ba a rubutu da shi a gaban kyanwar. Wanda zai aika a sayo masa daga Yawunde ko Duwala ya ce mai maɓalli yake so, kuma ya nemi wadda ke da igiyar rataya a wuyan hannu, domin hannu ɗaya yana riƙe da sanda, ɗayan yana riƙe da kifi.