Tabarau Mai Murɗawa: Wata Uku Ina Ɗinki Da Shi A Jidda

Sai da na haura shekara 45 sannan na yarda cewa laifin ba na fitilar shago ba ne, na idona ne. Tela ne ni a Jidda, kuma ranar da zare ya yi ta kauce wa kafar allura har yaron shagona ya ce, "Baba, kawo in zura maka," a ranar na sayi tabarau ɗin nan. Daga shekara 40 zuwa sama ƙwayar cikin ido takan yi tauri, ta kasa daidaita kanta ga abin da ke kusa, shi ya sa ake ganin dattijo yana nesanta takarda kafin ya karanta.

Kowane ɓangare na tabarau ɗin yana da gilasan roba biyu, ɗaya a bayan ɗaya, da ɗan mamurɗi a gefe wanda ke zamar da su har rubutu ya fito sarai. Dabarar ta Luis Alvarez ce, masanin kimiyya ɗan Amurka da ya karɓi kyautar Nobel a 1968. Abin da ya burge ni shi ne kowane ido ana saita masa nasa, domin na kantin magani ƙarfinsu ɗaya ne dama da hagu, ni kuwa idona na hagu ya fi rauni. Da shi na koma karanta Mushafi mai ƙananan baƙaƙe bayan Asuba, maiɗakina ma takan ara ta murɗa daidai nata.

A bakin keke ne ya gaza. Tsakiyar gilashin kaɗai ke nuna abu tangaram, da zarar na kalli gefe sai layin ɗinki ya lanƙwashe, kuma bayan awa biyu kaina yakan ɗauki ciwo. Ƙura da burbushin yadi suna shiga tsakanin gilasan, inda ƙyalle ba ya kaiwa, saitin kuma yakan goce a aljihu.

Daga baya na je gwajin ido, aka ce bangon idona na hagu yana da ɗan karkata, abin da irin wannan tabarau ba ya gyarawa, aka kuma auna mini hawan jinin ido, wanda ba ya ba da alama da wuri. Yanzu da na likita nake ɗinki, mai murɗawa kuwa yana cikin durowar keke domin ranar da na manta wancan a gida.