Hightower ko Ripmo: firam biyu daga gari ɗaya, da wanda na saya

Idan ka jera bayanan kekunan dutse biyu, Santa Cruz Hightower samfuri na uku da Ibis Ripmo V2 (samfuri na biyu), da ƙyar za ka gane abin da mahaya keken dutse ke gardama a kai. Dukansu firam ne, wato gangar jikin keke, na kabon, masu ɗaukar taya inci 29. Ɓangaren bayan Hightower na lotsawa milimita 145 idan ya ci karo da gargada, na Ripmo 147. Kwanciyar wuyansu, wato karkatar bututun da ke riƙe da sitiyari, duk tana kusa da digiri 65. Kuɗin firam ɗin kaɗai, babu taya babu birki, ya haura fam 3,000 a nan Birtaniya a lokacin da nake nema. Hatta garinsu ɗaya: kamfanonin biyu suna zaune ne a Santa Cruz da ke Kalifoniya, ko da yake Ibis ya girme, don Scot Nicol ya kafa shi tun 1981.

Firam kawai nake nema, saboda ina da tayoyi da birki da giya masu kyau a tsohon kekena. Ripmo na wani abokin hawana ne, tsayinmu ɗaya, ya riƙa ba ni shi muna musanye a dajin Afan da ke kudancin Wales. Hightower kuwa hayarsa na fara yi a shago kafin na sa kuɗina.

Bambancin na ƙarƙashin sirdi ne. Kowannensu yana da ƙananan hannaye biyu da suka haɗa ɓangaren baya da na gaba. A tsarin VPP na Santa Cruz hannayen suna juyawa ne saɓanin juna. A tsarin DW-link, wanda Dave Weagle ya ƙirƙira, Ibis kuma ke amfani da shi, gefe ɗaya suke bi. Manufar duka ita ce kada bayan keke ya riƙa durƙushewa duk lokacin da ka danna feda, ya shanye maka ƙarfi a banza. A nan kam Ripmo ya burge ni, ba kaɗan ba. Afan wuri ne na doguwar hawa, ga tsakuwa ga saiwoyi sun tsallaka hanya. Da zarar ka taka feda sai ka ji keken ya zabura gaba, bayansa a tsaye cir, amma tayar ba ta saki ƙasa ba. Ban taɓa miƙa hannu na kulle shakazoba ba. Idan ka miƙe tsaye don haye wani ɗan tudun dutse, sai ka ji kamar an turo ka daga baya.

Hightower ma yana hawa, kada a ce na zalunce shi. Sai dai hawansa na natsuwa ne: ka zauna, ka juya ƙafa, ya kai ka. Ba ya zuga ka.

Da aka juya gangara sai labari ya canza. An dasa shakazoba ɗin Hightower ne can ƙasa, dab da inda feda ke juyawa, ya ratsa ta wani rami a jikin firam, don haka nauyin keken ya taru a ƙasa. A kwana mai santsi, inda ruwa ya jiƙa saiwa ta yi sulɓi, sai ka ji ya lafe, ba ya neman tashi. Ripmo kuwa ɗan wasa ne, duk ɗan tudun da ya gani so yake ku yi tsalle tare. Ripmo kamar ingarma mai zumuɗi, Hightower kamar dokin da ya saba da hawan salla, ƙarar bindiga ba ta razana shi. Mai ƙwarewa zai fi jin daɗin na farkon, wannan ba na musu. Ni da nake hawa a ƙarshen mako bayan gajiyar aiki, a gangarar BikePark Wales kusa da Merthyr Tydfil, inda mota ke kai ka sama ka yi ta saukowa har hannu ya mutu, na fi son wanda ke rufa min asiri idan idona ya makara.

Sai dai fa, an tsara Ripmo ne da fok, wato shakazoba ɗin gaba, mai lotsawa milimita 160, Hightower kuma 150. A takarda Ripmo ne ya kamata ya fi cin gargada, kuma gabansa yana ci ɗin. Natsuwar da nake faɗa daga baya take zuwa.

Sai maganar laka, wadda masu tallar keke a ƙasar rana ba sa yawan kawowa. A Wales ruwan sama ba shi da lokaci, kuma lakar tana haɗe da yashi mai cin ƙarfe. Abin da ke fara gajiya a irin wannan keke shi ne boris ɗin mahaɗai. Santa Cruz na ba wa wanda ya sayi firam sabo boris kyauta muddin keken na hannunsa, sannan akwai ɗan bakin da ake ɗura giris a hannun ƙasa ba tare da an kwance komai ba. Ibis ya bi wata hanyar: ya sa bushin a hannun ƙasa a madadin boris, da hujjar cewa wurin ba ya juyawa da yawa, shi ma yana sauya su kyauta. Duka biyun dabara ce mai kyau. Ni dai mai son ɗura giris da hannuna ne a gareji, ina ganin tsohon yana fitowa baƙi ƙirin ta gefe. Mazaunin feda a dukansu mai zare ne, ana ɗaure shi da sifana, abin da kowane bakanike zai sa wa albarka.

Akwai kuma Glovebox, wato 'yar ƙofa a jikin bututun ƙasa na Hightower, ƙarƙashin mariƙin gorar ruwa. A ciki nake cusa tif, da ƙaramin famfo, da 'yan sifanu, na daina goya jaka a gajeriyar fita. Ripmo V2 ba shi da wannan, sai a V3 da ya fito a 2024 aka sa masa. A shekarar ne kuma Santa Cruz ya fito da Hightower na huɗu, ya ƙara masa lotsawa zuwa 150 a baya, 160 a gaba, daidai da sabon Ripmo. Wanda zai sayi sabo yau, tazarar ta ƙara matsewa ke nan.

Hightower na saya, na nau'in kabon da Santa Cruz ke kira CC, wanda ya fi nau'in C rashin nauyi. Idan yawancin hawanka na ƙafa ne, tudu bayan tudu, kana kuma son keke mai tsalle, ɗauki Ripmo ba tare da waiwaye ba. Idan gangara mai santsi ce ta fi yawa a inda kake, Hightower zai fi kwantar maka da hankali. Kafin ka yanke hukunci a kan kowanne, ka sa a daidaita iskar shakazoba da nauyinka, ya lotsa wajen kashi 30 cikin 100 idan ka zauna. Na ga mutane sun tsani keke mai kyau don kawai an bar shi da iskar wanda ya hau kafin su.