Na'urar Seestar S50 da tsohon burin Malam

Na sayi Seestar S50, ƙaramar na'urar ɗaukar hoton taurari ta kamfanin ZWO, saboda malamin da ya koya mana kimiyya a sakandare. Shi ne ya fara fitar da mu fili bayan sallar isha'i, yana nuna mana Kaza da 'Ya'yanta, yana cewa hasken da muke gani ya baro wurinsa fiye da shekara 400 da suka wuce. Ya daɗe yana son ɗaukar hoton gajimaren Oriyon, wani tarin iskar gas da ƙura mai haske a can cikin taurari, amma kyamararsa ta fim ba ta taɓa ba shi komai ba sai layuka farare, domin duniya tana juyawa, taurarin kuma suna gocewa.

Wannan matsala ce na'urar ta magance. Nauyinta bai kai kilo 3 ba, faɗin gilashinta milimita 50 ne, kuma da waya ake sarrafa ta. Ita da kanta take nemo abin da aka zaɓa, ta riƙa bin sa, tana ɗaukar hoto na daƙiƙa 10, tana ɗora wani a kan wani har abin da ido ba ya gani ya bayyana. A watan Nuwamba, bayan damina ta ɗauke, hazo kuma bai sauka ba, na kafa ta a wata gona a wajen Shika, nesa da fitilun Samaru. Cikin minti 20 gajimaren ya fito da jan launinsa kamar garwashi, daga nisan da haske ke shafe sama da shekara 1,300 kafin ya ratsa.

Mai son saye ya sani cewa an ƙera ta ne domin gajimarai da tarin taurari, don haka duniyoyi irin su Jufita ƙanana suke fitowa, Andiromeda kuwa, wato wani katafaren gungun taurari, ta fi ƙarfin hoto guda. Idan ƙurar hunturu ta rufe Zariya, sai haƙuri.

Na kai ta gidan Malam a Tudun Wada, na kafa ta a tsakar gida. Idonsa ya yi rauni yanzu, shi ya sa ya kawo wayar daf da fuskarsa, ya daɗe bai ce komai ba. Na ce, "Allah ya gafarta Malam, sanyi ya fara sauka." Ya ce, "Ɗana, bar ta ta ƙara tara hasken, ka kira mini yaran su zo su gani."