i7-3770 ko Ryzen 5 5600? Amsa ga mai OptiPlex 7010 da gem ke cije masa

Ɗan'uwa, ka ce kana da Dell OptiPlex 7010 mai Core i5-3470, RAM 8GB da katin hoto GTX 1050 Ti, GTA V da sauran wasanninka suna cijewa, kana tsakanin sayen furosesa i7-3770 na Intel da tara kuɗi ka koma Ryzen 5 5600 na AMD. Kafin ka fitar da ko sisi, a fara gano inda matsalar take, don ba kowace cijewa ce laifin furosesa ba.

Saka manhajar MSI Afterburner tare da RivaTuner, ka sa su nuna maka aikin katin hoto, aikin kowace ƙwayar furosesa, zafi, RAM da FPS (yawan hotunan da ake nunawa a daƙiƙa ɗaya) a kan allo yayin da kake wasa. Idan katin yana zaune a kashi 95 zuwa 99, shi ne ya kai iyakarsa, sabon furosesa ba zai ƙara maka komai ba. Idan katin yana yawo a 60 ko 70 alhali ƙwayoyin furosesa huɗun sun cika, to furosesa ne ya riƙe shi. Don ka tabbatar, sauke girman hoto daga 1080p zuwa 720p a wuri ɗaya cikin wasan. FPS ya yi tsalle, kati ne. Ya tsaya inda yake, furosesa ne ko RAM.

Dubi zafi kuma. Wasan da yake farawa lafiya ya lalace bayan minti goma sha biyar, kusan kullum zafi ne. Wannan furosesan yana rage gudunsa da kansa idan ya doshi digiri 105, katin kuma yakan fara ja da baya tun wajen 83. Na'urar 2012 da ta sha ƙurar hunturu shekara da shekaru, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayarsa ya daɗe da bushewa. A hure ƙura, a goge tsohon man, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake, a sake gwaji. Sannan buɗe manhajar CPU-Z ka duba shafin RAM. In 8GB ɗin nan sanda ɗaya ce, tana aiki ne a layi ɗaya, rabin hanyar da madabod ɗin (bod, babban allon da ake dasa kayan a kai) ya tanada ke nan. Sanda biyu na DDR3-1600 masu 8GB kowacce, a ramuka masu launi ɗaya, sukan rage cijewa fiye da yadda mutane ke zato. Haka SSD, ma'ajiya mai sauri marar juyawa: idan wasan yana kan tsohon faifai mai juyawa, daskarewar da kake gani lokacin da mota ta shiga sabuwar unguwa daga can take.

To a ce gwaji ya nuna furosesa ne.

i7-3770 shiga kawai zai yi, soket ɗaya ne, LGA1155, wuta ɗaya, wat 77, ba ka taɓa fawa-fak (akwatin da ke ba na'ura wuta) ba, ba ka sake RAM ba. Sai dai ka san abin da kake saya. Ƙwaya huɗu ce kamar ta i5 ɗinka, bambancin shi ne kowace ƙwaya tana ɗaukar layin aiki biyu, takwas ke nan a maimakon huɗu. Gudu ya tashi daga 3.6 zuwa 3.9GHz a ƙololuwa, ma'ajiyar cikinsa daga 6MB zuwa 8MB. Amfaninsa ya fi fitowa a wuraren cunkoso, inda FPS ke faɗuwa ƙasa farat ɗaya. Matsakaicin FPS kuwa kaɗan zai motsa. Kada ka biya ƙarin kuɗin 3770K, bod ɗin Dell mai Q77 ba ya barin a ƙara wa furosesa gudu. Kuma daga nan hanya ta ƙare: babu wani na gaba da shi a wannan soket da ya cancanci kuɗinka, ba shi da umarnin AVX2 da ya zo da zubi na huɗu na furosesoshin Intel a 2013 wanda wasu sababbin wasanni ba sa tashi sai da shi, Windows 11 ba ta karɓe shi a hukumance ba, Windows 10 kuma Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoba 2025.

Ryzen 5 5600 na 2022 wani mataki ne daban: ƙwaya shida, layi goma sha biyu, ma'ajiya 32MB, wat 65, kuma kowace ƙwaya ta fi ta 3770 ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma ba furosesa kaɗai za ka saya ba. Akwai madabod na AM4, B450 ko B550, akwai DDR4 sanda biyu don DDR3 ba ta shiga, akwai fawa-fak na kirki wat 450 zuwa 550, akwai akwati ma, tunda wayoyin maɓallin kunnawa da fankokin Dell nasu ne na kansu, ba sa dacewa da bod na kasuwa sai da dabara. In B450 ka samu, ka sa mai shago ya sabunta BIOS (manhajar cikin bod ɗin) ya kunna maka a gabanka, in ba haka ba kana iya tarar da allo baƙi a gida. Ryzen 5 5600 ba shi da hoto a cikinsa, dole katinka ya zauna. Katin nan na 2016 mai 4GB shi zai zama sabon mai riƙe ka, amma aƙalla cijewar ta tafi, kuma duk katin da ka saya gaba zai samu mai ciyar da shi.

Idan wasanninka su ne GTA V da tsararrakinsa, yi gyaran zafi, 16GB da SSD tukuna, ka ƙara i7-3770 kawai in ka same shi da araha kuma an yarda ka gwada kafin biya. Idan wasannin bana kake hange, SSD kaɗai za ka saya yanzu, don shi ne zai bi ka zuwa sabuwar na'ura, sauran kuɗin ka ajiye wa 5600.